Kwalbar da ta Dawo da Ɗumi

Kafin in fara zan nemi afuwa. An ɗan kwana biyu, kuma littafin da nake rubuta aikin kowace rana ya salwanta lokacin da muka kwashe kaya daga Safana. Mai yiwuwa in sa wani abu a damina alhali da rani ya faru, ko in ɗora wa wani maganar da ba shi ya faɗa ba. Inda nake shakka zan ce ina shakka.

Abin da ya zaunar da ni rubutun nan, wasu tsofaffin ɗalibaina ne da suka gama jami'a suka zo gaishe ni a Batsari. Ɗayansu ya nuna mini bidiyo a waya: an dafa ganye, an ɗiga ruwansa a cikin ruwan azurfa, launi ya sauya, an yi tafi. Ya ce, "Malam, ashe aikin nano ɗin naku ke nan? Ai ko a kicin sai a yi." Ban ba shi amsa ba, don na san in na buɗe baki zan faɗi abin da bai dace da malami ba. Ga amsar a rubuce.

Sunana Rabe. Kimiyyar sinadarai na karanta, na kuma yi shekaru ina mataimaki a wani aikin bincike da wani malamin jami'a yake jagoranta, wanda zan kira Dakta kawai. Abin da ake kira nano ba sihiri ba ne. Ƙarfe ne ko wani sinadari da aka mayar ƙwayoyi ƙanana ƙwarai, waɗanda ko ka jera dubu a layi da ƙyar su kai kaurin silin gashi. In abu ya ƙanƙance haka sai halinsa ya sauya. Wasu a cikinmu suna gwada su a batir da farantin hasken rana, wasu a takardar da ke sauya launi in akwai dalma a ruwa. Ni ruwan sha aka ba ni, da azurfa, wadda in ta zama nano tana kashe ƙwayoyin cutar da ke sa gudawa.

Aikina na farko wanke kwalabe ne, kuma wata uku na yi ina yi. Wanda ya koya mini shi ne Malam Isiyaku, tsohon ma'aikacin ɗakin gwaji, ba shi da digiri, amma babu na'urar da bai taɓa kwancewa ya mayar ba. Ranar da ya fara barina in haɗa ruwan azurfa, na ɗauraye kwalba da ruwan famfo don tataccen ruwa ya kusa ƙarewa. Ina zuba gishirin azurfa sai ruwan ya yi fari fat. Malam Isiyaku ya leƙo ta saman tabarau.

"Sannu mai digiri. Nono ka dama mana? Bari a aika a kawo fura."

Gishirin da ke cikin ruwan famfo ne ya kama azurfar ya lalata ta. Kuma gishirin azurfar nan a 'yar kwalba ɗaya yake zuwa daga nesa, ita za ta kai mu shekara. Na koma wanki.

Bari in faɗa muku abin da bidiyo ba ya nunawa. Sikelin da muke awo da shi yana jin abin da bai kai ƙwayar gero ba, sai an rufe taga, kai ma ka riƙe numfashi. Ganyen bedi, wato dogon yaro, da muke dafawa dole daga bishiya ɗaya yake fitowa, domin na damina da na rani ba ƙarfinsu ɗaya ba. Ɗigo-ɗigo ake zuba ruwan ganyen a ruwan azurfa ana motsawa har ruwan ya koma kalar shayi. Amma kalar shayi ba hujja ba ce, ganye in ya ƙone shi ma haka yake yi. Sai an sa a na'urar auna haske an ga layi ya tashi a inda ya kamata. In kana son sanin girman ƙwayoyin kuwa sai an aika wani gari mai nisa, ka jira watanni, wani lokaci a ce maka saƙon bai iso ba. Haske yana ɓata haɗin, don haka a baƙin ƙyalle muke naɗe kwalabe. Azurfar tana baƙanta yatsu, ba kuma ta fita da sabulu. An taɓa tambayata a masallaci ko lalle na fara ƙunsawa.

Duk wannan rabin aiki ne. Ɗaya rabin yana hannun Inna Hajo, maginiyar tukwane ta Zakka. Ranar da na fara zuwa wurinta na ce ina so ta gauraya yumɓu da niƙaƙƙen ƙaiƙayin shinkafa, don in an toya tukunyar ƙaiƙayin ya ƙone ya bar ƙananan ƙofofi da ruwa zai riƙa tsatsafowa. Sai ta ce:

"Tun ina yarinya nike hwama kada tukunyata ta yi yoyo. Yau ɗan boko ya taso tun daga birni shi ce in gina mashi mai yoyo da gangan. To, Allah shi ba mu lafiya."

Ta gina. Ana ɗora tukunyar a bakin bokiti mai famfo, a zuba ruwan rijiya a sama, ya tsatsafo ƙasa. Laka ta tsaya a yumɓu, azurfar da na shafa da burushi ciki da waje ta kashe abin da ya saura. Ina gwada kowace tukunya da agogo: in ta zubo lita ɗaya zuwa biyu a awa, ta yi. In ta wuce haka sosai, akwai tsaga ko ba ta toyu ba. Inna Hajo kuwa ƙwanƙwasa ta take yi da bayan yatsa, ta faɗi hukunci kafin agogona ya yi minti biyar. Ban tuna ranar da muka saɓa ita ce ta yi kuskure ba.

Mun raba tukwane a gidaje a Zakka da Babban Duhu da Darini. Kowane mako biyu nakan zaga da kwalabe da aka dafa aka rufe, da kula mai ƙanƙara, in karɓo ruwan da tukwanen suka tace. Dole ya isa ɗakin gwaji cikin awa shida ko kusa da haka. A can a shafa shi a faranti mai abincin ƙwayoyin cuta, a ajiye a ɗumi kwana ɗaya. In ruwan na da cuta, farantin zai fito da ɗige-ɗige. In babu, zai zauna fes.

Ni namiji ne, baƙo kuma, ba na shiga gidan mutane. A zaure nake tsayawa, mu gaisa da maigida, in miƙa masa kwalba mai sunansa a jiki, in ce don Allah a tara mini a famfon bokiti. Ya shiga, ya fito, in yi godiya. Haka na yi tun farko, ban taɓa ganin aibun haka ba, babu kuma wanda ya gani.

Sai muguwar shekarar ta zo. 'Yan bindiga suka hana zuwa bakin daji, inda ramin yumɓun Inna Hajo yake, inda kuma ake samo itace. Ta tattara ta dawo gidan ɗan ƙaninta a Safana. Yumɓun bayan gari yashi ya yi masa yawa, itace babu, da kara da kashin shanu take toyawa. Aka yanke layin waya, aka taƙaita hawa babur, aka hana sayar da mai a jarka, janaretanmu ya kwanta. Ƙanƙara sai an yi sa'a. Malam Isiyaku ya aro akwatin ƙyanƙyasar ƙwai mai aiki da kananzir, a ciki muke ɗumama farantai. A wannan halin aka ce a ƙara yawan tukwane, domin mutane sun baro ƙauyuka sun cika wata makarantar firamare a Batsari, ana so a raba musu. Gidajen da tukwanensu na farko suka fashe ma muka sauya musu da sababbi.

Inna Hajo ta faɗa mini tun a tuyar farko. "Rabe, waɗannan ba su toyu ba. Ji muryarsu." Agogona ma ya yarda da ita, ruwa na wucewa da sauri. Na kai wa Dakta maganar.

"Farantai me suka ce?"

"Fes suke, ranka ya daɗe."

"To? Ashe azurfar tana aiki fiye da yadda muka zata. Wannan ai albishir ne, Rabe. Ka cika tsoro."

Fes ɗin suke kuwa, wata bayan wata. Malam Isiyaku ya ce shi faranti mai tsabta haka ba ya kwantar masa da hankali. Muka zargi akwatin ƙwai, muka zargi abincin farantin. Na ɗebo ruwan kwata na shafa, washegari ya fito da ɗige-ɗige, wato kayan aikinmu lafiya lau suke. Mun zargi komai da ke cikin ɗakin gwaji. Babu wanda ya tuna da zaure.

Wata safiya a Darini, ina jin bayan girbi ne, na tsaya a zauren Malam Ɗanjuma, manomi ne dattijo, mai yawan fara'a. Muka gaisa, ina gajiya, ina iyali, yaya aka ji da wannan masifa, Allah ya kawo ƙarshenta. Ya shiga da kwalba. Ya daɗe, ni kuma ina ta duba rana, don direba ya ce ba zai kai azahar a hanyar nan ba. Da ya fito yana goge kwalbar da bakin riga, na karɓa, sai na ji ta da ɗumi kamar ƙwan da aka zaro daga ƙarƙashin kaza. Ruwan tukunyar ƙasa da sanyi yake fita.

"Malam Ɗanjuma, a rana aka ajiye bokitin?"

"A'a, yana ɗaki. Yi haƙuri, yau bai samu ya huce ba. Na ce wa maiɗakina ta fifita shi, to ka ga kana sauri."

"Ya huce daga me?"

"Daga wuta mana."

Ya dube ni kamar na yi tambayar yara.

"Haba Malam Rabe. Ruwan gidana za ka ɗauka ka kai birni, manyan malamai su sa madubi su duba, ga sunana a jiki. In bari a zuba maka haka nan? Ko baƙon da zai sha a zauren nan ba a yi mashi haka, balle wanda za a kai Katsina."

"Tun yaushe ake tafasawa?"

"Tun da tukunya ta biyu ta zo. Ta farko ruwanta garau yake fita, ba a taɓa shi. Wannan kuwa da ɗan duhu-duhu, shi ne maiɗakina ta ce ba za a kunyata ta ba. Ai kwalba ɗaya ba ta cin kara."

"Ku kuma wanne kuke sha?"

"Na tukunya mana. Ba kai ka ce an gwada an ga lafiya lau ba?"

Na bi sauran gidajen ranar, na bar direba yana ta danna oda. Duk labari ɗaya. Wasu suna tafasawa, wasu suna sa alif don laka ta kwanta, wani gida ma ruwan leda ake saya a juye mini. Matan sun yi shawara a bakin rijiya, maganar ta bi dangi har Zakka da Babban Duhu. Babu wanda ya yi nufin ruɗi. Karamci aka yi mini, mutanen da ba su da karan da za su dafa tuwo suna ƙona shi don kwalbata. Laifin namu ne. An yi lissafin komai a aikin nan, har yawan burushi, amma babu wanda ya ce a ɗauki mace ko ɗaya da za ta shiga cikin gida. Ni da na tashi a ƙasar nan, na san yadda ake ba baƙo ruwa, ni ya fi kamata in gane.

Na roƙi Malama Binta, ma'aikaciyar lafiya a Safana, ta raka ni zagaye na gaba. Na ce ta buɗe famfo da hannunta, kada kwalba ta bar tafinta. Ta fito daga gida na farko tana dariya, ta ce sai da aka yi kokawa, matar gidan na cewa, "Malama, kawo a ɗan gyara maki." Washegari muka buɗe akwatin ƙwai ni da Malam Isiyaku. Na tsofaffin tukwane fes. Na sababbi kuwa kamar an watsa gero.

Na ɗauki farantan na nufi ofishin Dakta. Rahoto ya riga ya tafi wurin masu ɗaukar nauyin aikin. An sa ranar taron rabo, an gayyaci manya, mota ɗaya ta tukwane ta riga ta isa Batsari, sauran suna Safana suna jiran a kwasa.

"Ranka ya daɗe, ina ganin, in ban yi kuskure ba, sakamakon watannin nan duka ba na tukunya ba ne. Na murhu ne."

Ya saurara har ƙarshe, wannan kam zan ba shi. Sannan ya ce, "Faranti nawa ke hannunka?"

"Ba su da yawa."

"Kana so in rushe aikin shekaru da farantai 'yan kaɗan da aka ɗumama a akwatin kaji? Bayan taro sai mu sake gwaji a natse. Kuma ka gaya mini, ko tukunyar ba ta kai yadda muke so ba, ba ta fi ruwan kududdufi ba?"

Na ce masa mai shan ruwan kududdufi ya san kududdufi yake sha, yana tacewa, yana tafasa na jariri in ya samu hali. Wanda aka ce masa an gwada a jami'a ba zai ƙara tafasawa ba. Da in'ina na faɗa, ba kamar yadda na rubuta yanzu ba. Ya ce ya ji, in tafi in shirya tukwane. Ba na cewa mugu ne. Shi ma ya sha wuya a aikin nan, kuma mai yiwuwa ya yarda da abin da ya faɗa. Amma bai taɓa tsayawa a zauren kowa ba, kuma 'ya'yansa ba daga tukunyar nan suke sha ba.

Na koma Safana na gaya wa Inna Hajo komai. Ba ta ce ai na faɗa maka ba. Ta jawo kujera, ta ɗauko taɓarya, ta ce in riƙa miƙo mata tukwanen ɗaya bayan ɗaya. Ta ƙwanƙwasa, in ta ji murya ta ajiye gefe, in ba ta ji ba ta sauke taɓarya.

"Inna, tukwanen nan fa ba namu ba ne, na aiki ne."

"Hannun wa ya gina su? In ɗiyan mutane sun kwanta, sunan wa za a kira? Dakta? Wa ya san shi a Zakka? Miƙo."

Na miƙa. Ina so a rubuta cewa ni na miƙa mata su duka, kada wani ya ɗora wa tsohuwa. Da motar kwasar tukwane ta zo, tukwanen da suka tsira ba su cika kujerar baya ba, sauran tarin tsingaro ne a tsakar gida.

Amma motar farko ta riga ta tafi. Aka yi taro da waɗannan, aka yi jawabi, aka ɗauki hotuna, aka ce an gwada an tabbatar. Ba a gayyace ni ba. Da na samu mota, kwana uku ke nan bayan taron, na shiga makarantar ina bin aji-aji, ina cewa a tafasa ruwan tukunya kafin a sha. A wani aji na tarar da wata mata 'yar Babban Duhu, ta ce sunanta Hinde, da yarinya a cinya wadda ba ta kai shekara biyu ba. Idon yarinyar ya faɗa. Ta ce zawo take yi tun jiya.

"Da mi za ni tahwasa, Malam? Bencin ajin ga ma an ƙone shi."

Na ce to ta ba ni tukunyar in tafi da ita.

"Gaban manya aka ba ni ita, aka ce ta hi ruwan hwamho. Yau kai kaɗai ka zo ka ce in ba ka? Kai wane ne?"

Ba ni da takardar da zan nuna mata, wadda ke akwai tana cewa tukunyar lafiya lau take, kuma da sunana a ƙasa. Na haɗa mata ruwan gishiri da sukari da ruwan leda, na raka ta ƙofar asibiti. Ba zan iya cewa tukunyar ce ta sa yarinyar zawo ba. A makarantar nan hanyoyin kamuwa sun yi yawa. Amma ba zan iya cewa ba ita ba ce. Da na koma bayan mako guda an sallami mutanen, wasu sun koma ƙauye, wasu sun wuce Katsina, wasu an ce sun tsallaka iyaka, kowa da tukunyarsa a ka.

Ba a sake gwajin ba. Ba a sabunta mini aiki ba, an ce wa'adi ne ya cika, mai yiwuwa kuma haka ne. Na rubuta takardar gyara na miƙa, ban san inda ta kwana ba. Rahoton yana nan yadda yake, har na ji wasu suna kafa hujja da shi. Azurfar ba ta yi ƙarya ba, kuma har yau ina da yaƙinin tukunyar da ta toyu tana aiki. Wanda zai shiga sana'ar nan ya shiga, ana bukatarsa. Amma kada ya rubuta sakamakon ruwan da bai ga an tara ba, shi ko wadda ya amince da idonta.

Akwai waɗanda suka ga abin nan da idonsu kuma suna raye. In na yi kuskure a suna, ko lokaci, ko na zalunci wani a magana, har da Dakta, don Allah a aiko da gyara ta hannun waɗanda suka buga wannan, zan karɓa in bayyana. Duk wanda kuma yake da tukunyar da aka raba a taron nan, ya daina sha sai ya tafasa, ko ya fasa ta. Sannan in akwai wanda ya san Hinde 'yar Babban Duhu, wadda ta zauna a ajin ƙarshe kusa da rijiyar makaranta, ina roƙonsa ya gaya mini ko yarinyar ta tashi. Ko wace ce amsar, a aiko.